"Ta gabata" ko "mai zuwa"?

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa a Hausa Zongo, Tamale. Na rubuta sanarwa cewa za mu yi taro "Asabar da ta gabata", sai dattawa suka yi ta dariya. Ashe ba gaba nake nufi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ji kunya, kalmar "gaba" ce ta yaudare ka. Abin da ya gabata ya shige gabanka ne, ya wuce, shi ya sa ake kiran kakanni magabata. Dattawan nan sun ji kamar ka gayyace su taron da aka riga aka watse.

Rubuta "Asabar mai zuwa", ka haɗa da kwanan wata.

Idan kuma abu biyu kake jerawa, sai ka ce "ya gabaci": bikin Bugum ya gabaci bikin Damba, Rawlings ya gabaci Kufuor, wanda ya hau mulki a 2001. A hira kuwa "riga" ta fi sauƙin baki: "Ta riga ni zuwa kasuwar Aboabo." Amma ka kula da "ya riga mu gidan gaskiya", wannan sanarwar rasuwa ce.

Sake buga takardar a yau, ka ba limaminku ya duba kafin ka raba.