Haɗa Kwamfuta da Allon Taɓawa a Ɗakin Taro Ba Tare da Igiya Ba

1.0 Gabatarwa

Tun zamanin allo da alli, duk inda jama'a suka taru domin tattauna wani al'amari sukan bukaci wuri guda da kowa zai zuba wa ido. A ɗakunan taro na yau, wannan wuri shi ne babban allon lantarki da ake kafawa a bango, ake kuma sarrafa shi da ɗan yatsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake haɗa kwamfuta da irin wannan allo ba tare da igiya ba. Za ta kuma nuna cewa haɗin hanya biyu gare shi, ta zuwa da ta dawowa, kuma rashin lura da ta biyun kan jawo asarar kuɗi. An zaɓi kalmar "igiya" maimakon "waya" ne domin kauce wa ruɗani, tun da a Hausa "waya" tana nufin zaren ƙarfe, tana kuma nufin tarho.

2.0 Hanyar Zuwa da Ta Dawowa

Idan da igiya za a yi haɗi, guda biyu ake soka wa kwamfuta. Igiyar HDMI ita ke kai hoto da sauti zuwa allo, igiyar USB kuwa ita ke komar wa kwamfuta labarin wurin da aka taɓa. Idan aka kawar da igiyoyin, dole ne ayyukan nan biyu su bi ta iska. Duk tsarin da ya kai hoto kaɗai, to ya mayar da allo mai tsada talabijin kurum, domin mai jawabi zai taɓa allon, kwamfuta ba ta ko motsa ba.

3.0 Manyan Tsare-tsare

(a) Miracast: Ƙungiyar Wi-Fi Alliance ce ta fito da shi a 2012. Yana haɗa kwamfuta da allo kai tsaye. A kwamfuta mai Windows, ana danna maɓallin Windows tare da harafin K, sai sunayen allunan da ke kusa su bayyana. Yana da kafar komar da taɓawa da ake kira UIBC, sai dai ba kowane allo ke ɗauke da ita ba, kuma sai mai kwamfuta ya ba da izini kafin ta yi aiki.

(b) AirPlay: Kamfanin Apple ya ƙaddamar da shi a 2010 domin na'urorinsa. Yana kai hoto da sauti, amma ba ya komar da taɓawa.

(c) Google Cast: Ya fito a 2013 tare da na'urar Chromecast. An daina ƙera na'urar a 2024, amma tsarin yana nan a cikin alluna da dama. Shi ma hanyar zuwa kaɗai gare shi.

(d) Maɓallin sokawa: Misalinsa shi ne ClickShare na kamfanin Barco da ke Beljiyam. Ana soka shi a kafar USB ta kwamfuta, a danna, sai hoto ya hau allo. Wasu nau'o'insa suna komar da taɓawa.

4.0 Matakan Kafawa

Da farko, a ƙididdige irin na'urorin da mahalarta taro suka saba zuwa da su, domin su ne za su nuna tsarin da ya dace.

Na biyu, idan akwatin karɓar saƙo dabam yake da allo, sai a haɗa su da igiyoyin HDMI da USB duka biyu. Mantawa da ta USB yana daga cikin dalilan da kan sa taɓawa ta ƙi aiki.

Na uku, a fifita zangon 5 GHz a kan na 2.4 GHz, saboda na biyun ya fi cunkoso, hoto kan riƙa tsayawa. AirPlay da Google Cast galibi ba sa ganin allo sai suna kan layin sadarwa ɗaya da shi.

Na huɗu, a tsare sirri. A sa wa kowane allo sunan ɗakinsa, a kunna lambar sirri da ke fitowa a fuskarsa, don kada takardar albashi ko ta kwangila ta faɗa allon ɗakin maƙwabta. A ware wa baƙi layinsu dabam, a kuma goge rubutun da ke kan allo da zarar an tashi.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa bayyanar hoto a kan allo ba ta isa shaidar cewa aiki ya kammala ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a biya kuɗin allo, ya kamata a gwada shi da ainihin kwamfutocin ma'aikata: a haska shafi, a taɓa allon, a duba ko shafin ya juya a kwamfutar.