Alamun Shekaru a Kan Finafinai da Wasannin Bidiyo: Darasi Domin Iyaye

A gidaje da yawa yaro yakan iya sarrafa talabijin da wayar hannu tun kafin ya iya rubuta sunansa. Iyaye suna kasuwa ko wurin aiki, shi kuwa yana zaune yana kallon harbi, da sara, da zubar da jini. Uwar da ba za ta ba ɗanta magani ba sai ta karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, sau da yawa takan miƙa masa fim ba tare da ta duba komai ba. Alhali kuwa finafinai da wasannin bidiyo suna ɗauke da nasu rubutun, wato alamun shekaru. Manufar wannan darasi ita ce iyali su san alamun nan, su san amfaninsu, su kuma san inda suka gaza.

Dalilin damuwa

A shekarar 1961 wani masanin halayyar ɗan adam mai suna Albert Bandura ya yi gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka. Ya sa ƙananan yara suka kalli wani babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba. Da aka bar su da 'yar tsanar, da yawa cikinsu suka yi mata irin dukan da suka gani. A 1963 ya maimaita gwajin ta hanyar nuna musu fim, yaran suka sake kwaikwayo. Wannan bai nuna cewa duk yaron da ya kalli faɗa zai zama mai laifi ba, gama tarbiyyar gida da abokai da halin unguwa duk suna da nasu tasiri. Amma masana sun lura da illa uku ga yaron da ya saba da irin wannan kallo: kwaikwayon abin da ya gani, raguwar tausayi ga wanda ake zalunta, da kuma tsoro mai kawo munanan mafarkai. Ƙaramin yaro bai cika rarrabe wasa da gaskiya ba, shi ya sa shekaru suke da muhimmanci.

Alamun da ake amfani da su

A Nijeriya, Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka ta 85 ta shekarar 1993, ita ke da alhakin rarraba finafinai. Harafin G yana nufin kowa na iya kallo. PG yana nufin a kalla da jagorancin iyaye. Lambobin 12, 15 da 18 suna nuna mafi ƙarancin shekarun mai kallo.

Finafinan Amurka suna bin tsarin da aka fara a 1968. Akwai G da PG, sai PG-13 wanda aka ƙara a 1984 domin gargaɗin cewa wasu sassa ba su dace da wanda bai kai 13 ba. R yana nufin wanda bai kai 17 ba sai da babba a tare da shi, NC-17 kuwa na manya ne kaɗai.

Wasannin bidiyo suna da tsari biyu da aka fi gani. Na Amurka, wanda aka kafa a 1994 bayan koke-koke a kan wasanni irin su Mortal Kombat, yana amfani da E domin kowa, T domin mai shekara 13 zuwa sama, da M domin mai 17 zuwa sama. Na Turai, wanda aka fara a 2003, yana da lambobi 3, 7, 12, 16 da 18, tare da ƙananan zane. Dunƙulallen hannu yana nufin akwai faɗa, gizo-gizo yana nufin abin tsoro, allura kuwa tana nufin miyagun ƙwayoyi. Wasan Grand Theft Auto V, wanda yara da yawa suka sani, yana da M a Amurka da 18 a Turai.

A tashoshin DStv akan nuna lamba tare da haruffa a farkon shiri. V yana nufin faɗa, L munanan kalamai, N tsiraici, S kuwa jima'i.

Inda alamun suka gaza

Na farko, ma'aunin yakan sauya. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2013 ya nuna cewa harbin bindiga a cikin shahararrun finafinan PG-13 ya ninka fiye da sau uku tun 1985, har ya kai abin da ake gani a na R. Saboda haka lambar da uba ya amince da ita a ƙuruciyarsa ba lallai ne ta ɗauki ma'ana ɗaya a yau ba.

Na biyu, hanyoyi da yawa ba su da alama ko kaɗan. Fim ɗin da aka tura a katin waya a shagon caji ba ya zuwa da kwali. Gidan kallo na unguwa ba ya tambayar shekaru. Bidiyon kashe-kashe na gaske da ake yaɗawa ta WhatsApp ba ya bi ta hannun wata hukuma, kuma a wuraren da aka sha rikici yana iya tayar wa yaro da tsohon miki ko ya dasa masa ƙiyayya.

Na uku, waɗanda suka sa lambar ba su san yaron ba. Yara biyu masu shekara 12 suna iya bambanta ƙwarai wajen tsoro da fahimta. Uwa da uba ne suka san wannan.

Abin da iyali za su yi

1. A duba lamba da haruffa kafin a kunna fim ko a sauke wasa. Idan babu alama, babba ya fara kallo shi kaɗai.
2. A sa lambar sirri a dikoda da waya. Manhajar Family Link ta Google tana ba iyaye damar ƙayyade abin da yaro zai sauke. Kada a ba yaro lambar.
3. A ajiye talabijin a falo, wayoyi kuma su kwana a ɗakin iyaye.
4. A zauna a yi kallo tare, a tambayi yaro: wa ya ji ciwo? Wace hanya ce kuma za a bi a warware rigimar?
5. A faɗa wa yaro dalilin hani, domin ya iya ƙi da kansa a gidan maƙwabta.
6. Manya su kiyaye nasu kallon idan ƙanana suna kusa, gama yaro yana bin abin da ya gani fiye da abin da aka faɗa masa.

'Ya'ya amana ce daga wurin Ubangiji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Alamar shekaru tana taimakon iyaye wajen riƙon wannan amana, amma aikin dubawa da yanke shawara yana wuyansu.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne finafinai da wasanni ne yaran gidan suka kalla a makon da ya wuce, kuma wace alama ce a kansu?
2. Ta wace hanya finafinai marasa alama suke shiga gidan?
3. Yaya maƙwabta da malaman makarantar Lahadi za su taimaki iyayen da ba su iya karatu ba su gane waɗannan alamu?