Allurar Anti-D: Kada Kwana Uku Su Wuce

Darasinmu na wannan fitowa a kan katin awo ne. Duba wurin da aka rubuta rukunin jininki. Bayan harafin A, B, AB ko O akwai alamar tarawa ko ta ɗebewa. Idan ta ɗebewa ce, jininki ba shi da wani sinadari da ake kira Rh. Ba cuta ba ce, kusan mutum 1 cikin 20 a Nijeriya haka Allah ya halicce shi.

Matsalar tana zuwa ne idan jariri ya gado Rh daga mahaifinsa. Lokacin haihuwa ko ɓari, jininsa kan ɗan shiga na uwa, sai jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa garkuwar yaƙarsa. Ɗan fari yakan tsira. Na bayansa ne garkuwar ke farfasa wa jini, a haife su da shawara mai tsanani tun ranar farko, ko su kumbura su mutu a ciki. A gida sai a ce wabi ne. Ba kowane wabi ne wannan ba, amma mai wabi ta cancanci gwajin jini kafin a ɗora wa iska laifi.

Rigakafin shi ne allurar Anti-D, garkuwa ce da ake tacewa daga jinin mutane, ana amfani da ita tun 1968. Ana yin ta wajen mako na 28 na ciki, sannan cikin awa 72 bayan haihuwa idan jariri yana da Rh. Haka ma bayan ɓari ko zubar jini da ciki. Ba kowa ake yi wa iri ɗaya ba: wadda jinin jariri ya shige ta da yawa za a ƙara mata, wadda kuma jikinta ya riga ya haɗa garkuwar allurar ba za ta amfane ta ba, sai dai likita ya sa wa cikin ido sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne masu haihuwa a gida a ƙauyukan Boɗinga da Shagari, waɗanda ba sa fitowa sai bayan suna. Kafin nan lokaci ya wuce. Maigida, allurar tana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. A tanadi kuɗinta da na mota tun ciki yana wata 7, a tambayi ungozomar asibiti inda za a same ta a Sakkwato, kuma a riƙo katin awo ranar zuwa.