Gwiwar yaro ta wuce mako 6 a kumbure: abin da ya kamata iyaye a Belbeji su yi

A ƙauyukan Damargu, idan yaro ya tashi da safe yana ɗingishi, sunan da aka fi saurin ba abin shi ne sanyi, balle da hunturu. Uwa za ta ga ƴarta mai shekara huɗu ta ƙi sauka daga tabarma, tana neman a goya ta, gwiwa guda ta fi ƴar'uwarta girma da ɗumi. Da hantsi ya yi, sai ga ta tana bin awaki kamar ba ita ba. Nan ake ruɗuwa, a ce ƙiwuya ce ko shagwaɓa. Alhali wannan sandarewar safe da ke saki idan jiki ya motsa ita ce babbar alamar amosanin gaɓɓai na yara. Likitoci suna kiran sa haka idan ya fara kafin shekara 16, kumburin kuma ya wuce mako 6 ba tare da an gano wani dalili ba. Garkuwar jikin yaron ce take juyowa ta afka wa shimfiɗar da ke cikin gaɓa. Ba ya yaɗuwa, kuma ba sakacin uwa ke kawo shi ba. Tun 1897 wani likitan yara a Landan, George Frederic Still, ya bayyana wani nau'insa.

Shawarata guda ce: a nemo sunan cutar kafin a nemi maganinta. Dalili kuwa, a ƙasarmu cututtuka da dama suna shiga wannan rigar. Sikila tana kumbura hannu da ƙafar jariri, tana sa ciwon ƙashi mai zuwa ya tafi. Zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro yana yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, ya bar ɓarna a zuciya. Tarin fuka yana iya zama a ƙugu ko ƙashin baya. Idan kuwa gaɓa guda ta kumbura farat ɗaya, da zazzaɓi mai zafi, yaro ba ya yarda a taɓa ta, ana tsoron mugunya ce a ciki. Wannan ba ya jiran mako 6, ko kwana guda bai kamata ya yi a gida ba. Gwajin jini da hoton ƙashi da idon likita ne ke rarrabe su. Wanzami da maɗori suna da aikinsu, amma tsaga ko sakiya a kan irin wannan gwiwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Wani uba zai ce ai ƙwayar da ya saya a hannun mai talla ranar kasuwa ta yi aiki, yaro ya miƙe cikin kwana biyu. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Sau da yawa dexamethasone ce ko prednisolone. Suna kwantar da kumburi nan da nan, amma idan yaro ya yi watanni yana sha ba da ma'auni ba, fuskarsa ta cika har a yi zaton ƙiba ce, tsayinsa ya tsaya, ƙashinsa ya yi rauni, kowace cuta ta same shi a arha. Wanda ya daɗe a kansu kada a yanke masa rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. A tafi da kwalin wurin likita ya rage a hankali.

Batun nisa da kuɗi kuwa ba na raina shi. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, amma gwaje-gwaje masu zurfi sai an dangana da babban asibitin ƙasa na Damagaram, wani lokacin har Yamai. A fara da likitar da ke kusa, a karɓi takardar turawa, a kuma tambayi haƙƙin kulawa kyauta da Nijar ta tanadar wa ƴan ƙasa da shekara 5 tun 2006. Masu cewa zai girma ya rabu da shi, wasu yaran lallai yakan lafa musu, sai dai gwiwar da ta shekara a lanƙwashe tana iya ƙagewa haka, ƙafa ɗaya ma ta fi ɗaya tsawo. Kafin tafiya, a rubuta ranar da abin ya fara da gaɓoɓin da ya taɓa, a ɗauki hoton kumburin da waya.

Idan an tabbatar da cutar, akan fara da ibuprofen ko naproxen bayan an ci abinci, da ruwa isasshe saboda ƙoda, musamman da bazara. In bai wadatar ba, sai methotrexate: sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da folic acid da gwajin jini lokaci-lokaci. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, don haka kada a yar da shi a mako na uku. Yana cutar da ɗan da ke cikin mai juna biyu, saboda haka idan ana shirin aurar da yarinyar da ke shan sa, dole likita ya sani tun da wuri.

Akwai kuma ido. Cutar tana iya kumbura cikin ido ba ja, ba zafi, har gani ya lalace, an fi ganin haka ga ƙananan ƴan mata masu ciwo a gaɓa ɗaya ko biyu. Duk zuwa Damagaram a haɗa da likitan ido, a tambaye shi bayan wata nawa za a dawo.

A gida kuma kada tausayi ya sa a killace yaro a ɗaki. Da asuba a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora kan gaɓar, a taimaka masa ya miƙe ta ya naɗe a hankali. A sauke masa jarkar ruwa da daka, a bar masa wasa da makaranta, a roƙi malam ya yi masa uzurin makarar safe.