Shayi Ko Lemon Roba? Jan Hankali Ga Ma'aikatan Zawaciki

Jama'a, duk mai bin hanyar Panshekara da sassafe ya san yadda Zawaciki take tashi. Ma'aikatan masana'antun Challawa da Sharada na tururuwa, na Bompai sun riga sun yi sammako, ga direbobi da 'yan dako da suka ƙaru tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023. Dubi hannun matasan cikinsu. Da yawa robar lemo ce, ko abin shan nan da ake cewa yana ƙara kuzari, wai don kada barci ya sace su a bakin inji.

To, mene ne a cikin robar? Ruwa ne da kala, wasu da sinadarin kafeyin mai hana barci, sai sukari jingim. Robar baƙin lemo mai rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarar da ta fitar a 2015, wannan shi ne kimanin iyakar abin da ta yarje wa baligi a yini guda, ta ce in ya rage zuwa cokali 6 ya fi. Wato kafin a tashi aikin safe mutum ya cinye rabonsa na yini. Kuzarin ma na ɗan lokaci ne, sai kasala ta dawo ya nemi ta biyu. A haka ciwon sukari da ƙiba da ruɓewar haƙora ke samun ƙofa. Gwamnatin tarayya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari a 2022, amma wa ya fasa sha don wannan?

Alhali magani na gonar yaro. Ganyen shayi ana nomansa a ƙasar nan, a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Zoɓorodo kuwa Jigawa ke noma shi har ana lodinsa zuwa Meziko. Ga citta, ga kanumfari, ga na'a-na'a da lemon tsami a kowace kasuwa. Wanda aka noma da takin gargajiya, ba a yi masa feshi ba, shi ya fi. Na'a-na'a ma a tsohon bokiti za ka iya shuka abarka. A wanke, a tafasa, a ɗura a filas a tafi da shi wurin aiki.

Amma a yi hattara, kada a gudu ba a tsira ba. Ku lura da mai shayi in an ce masa haɗin kauri: cokali huɗu na sukari ya zabga, ya kwarara madara, ya sheƙa har kumfa ta tashi. Wannan kofi da robar lemo duk kanwar ja ce. Kuma ganyen shayi shi ma yana da kafeyin, sai dai bai kai na abin ƙara kuzari ba. Zoɓo da citta ne ba su da shi sam. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tuntuɓi likita kafin su lizimci zoɓo.

Harshe yana sabawa, in an rage zaƙin kaɗan-kaɗan. Ɗan'uwa, gobe in ka zauna a bencin mai shayi, ce masa: "Malam, ruwan bunu, ka sa citta, cokali ɗaya ya isa."