Yadda A Ke Faɗin Magana Mai Nauyi A Wurin Aiki

In mun gama wannan makaranta, waɗansunmu ƙasar Kazaure za a tura su, watau Kazaure kanta da Roni da Gwiwa, ko kuwa Babura da ke maƙwabtaka da su, dukansu cikin Jihar Jigawa tun 1991. A irin waɗannan garuruwa malami ba shi da wurin ɓuya. Wanda za ka yi wa gyara a makaranta da safe, shi za ka tarar a gefenka cikin sahu da azahar, mai yiwuwa ma ya yi ɗa da kai. Saboda haka yawancinmu mukan zaɓi yin shiru. To, shirun nan yara ne ke biyan kuɗinsa.

Bari mu duba misalin wani malami da ya riga mu. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Bauci ya koyar. A watan Agusta na 1950 ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, ya nemi a bincika tsarin mulkin En'e a gyara shi, domin talakawa ba su da baki a ciki, cin hanci kuma ya yi yawa. Ku lura, shi kansa ma'aikacin En'e ne, haka ma yawancin waɗanda ke sauraronsa. Amma ya kai maganar inda ya kamata a kai ta, ya ɗora ta bisa tsari, ya kuma faɗi abin da ya ke so a yi. Aka yi bincike, har aka fito da sabuwar dokar En'e a 1954.

Yanzu sai mu dawo ga namu aikin. A ce an ba ka shugabancin wata makaranta a ƙasar Gwiwa, ga wani dattijon malami wanda in damina ta faɗi sai ya biya gona tukuna, ajinsa na zaune babu kowa har hantsi. Kada ka yi masa magana gaban yara, ko gaban sauran malamai. Ka same shi shi kaɗai, ku gaisa sosai, sa'an nan ka ce, "Baba, wata damuwa na kawo maka. Kwana uku ke nan 'yan aji huɗu ba su sami darasin farko ba. Yaya ka ga za mu yi?" Ka ga ka ambaci kwanaki da aji, ba ka ambaci halinsa ba. Daga nan sai ka saurara. Watakila a sauya masa darasinsa zuwa bayan tara, shi ke nan. Amma kada ku rabu sai kun tsai da magana guda, da ranar da za ku sake dubawa.

Wanda ya fi wannan wuya shi ne in na gaba da kai ne ya karkace. A ce shugabanka ya umurce ka ka ƙara sunayen yaran da babu su cikin rajista. A nan ladabi tilas ne, yarda kuwa haram. Sai ka ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ba zan iya sa hannuna ga wannan ba, gama ran da mai duba makarantu ya ƙirga yara, da ni da kai za a tambaya." Kada ka kai zancen kasuwa ko dandali. In ya matsa, sai ka sanad da shi za ka rubuta wa ofishin ilmi, domin kada ya ji daga bakin wani.

Wani lokaci kuma nauyin ya fi ƙarfin bakinka, kamar in uba ya cire ɗansa daga makaranta don noma ko kiwo. Ba ragwanci ba ne ka nemi limami ko dagaci ya raka ka, da ya ke a ƙasarmu akan ji magana gwargwadon mai kawo ta.

Abu guda dai, kada ka yi magana cikin fushi. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ka kwana da ita, ka auna ta, amma kada ka bari ta shekara a cikinka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, da juriyar jin ta in an faɗa mana, amin.