Amsoshin Tambayoyinku: Wayar hannu za ta iya auna hawasha?

Malam Usman daga Maiurno, kusa da Sinnar a bakin Shuɗin Nilu, yana tambaya: shin wayarsa za ta auna masa iyakar hawasharsa, wato gonarsa, daidai, ko sai ya nemi na'ura mai tsada?

To, Malam Usman, Allah ya saka da alheri. Waya tana jin tauraron ɗan Adam, amma takan kauce da kamar mita 5, ko da a fili ne. Mita 5 kuwa a bakin iyaka ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa.

Akwai dabarar da ake kira RTK. Na'ura biyu ne: ɗaya a kafe wuri guda, ɗaya a hannun mai awo. Ta kafen tana aika wa ta hannun gyara nan take, sai kuskuren ya dawo kamar faɗin yatsa biyu. Tun da kamfanin u-blox ya fito da ZED-F9P a 2018, farashin irin waɗannan na'urori ya sauko sosai, har manoman ƙauye za su iya haɗa kuɗi su saya tare.

Sai dai lokacin awo a guji gindin bishiya da jikin bango. In kuma rigimar iyaka ce, malam, awon jami'in safiyo na hukuma shi ne hujja.